Ranar da Tambaya ta tona asirin Maccido

Tambaya 'yar Kebbe ce, daga gidan da ake noman gero ake kuma kiwon shanu, amma Allah Ya yi ta da jikin da ba ya jituwa da ko ɗaya. In ta kurɓi nono leɓɓanta su kumbura. In iska ta kwaso ƙaiƙayin gero daga masussuka ta watsa mata, borin jini ya taso ke nan, fata ta yi ruɗu-ruɗu, idanu su kaɗa su yi ja, ga atishawa ba ƙaƙƙautawa. Tun tana yarinya mutanen gidansu suka yanke hukunci cewa ragwanci ne kawai, gudun aiki take yi. Wannan magana ta ci mata rai shekara da shekaru.

Da aure ya zo, sai ya kai ta Jabo, gidan Maccido, mutumin da ke kwanciya a kan tarin ƙaiƙayi ba riga ya yi barcinsa. Bai san mura ba, bai san ƙuraje ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji labarin cewa allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Mutumin kirki ne, amma fa akwai cika baki. Shekara talatin da biyu suka yi tare, 'ya'ya shida, shi yana gona, ita tana ɗinkin hula a ɗaki nesa da ƙura. Yawan zuwa asibiti ya sa ta san kan abin, har matan unguwa ba sa zuwa ganin likita sai da rakiyarta.

Da ta haura hamsin numfashinta ya fara sarƙewa, asibitin Tambuwal suka tura ta Sakkwato. Maccido ya raka ta, yana ta ƙunƙuni a mota kan dawarsa da bai gama yanka ba. A can suka haɗu da Likita Ni'imatu, wata matashiya mai fara'a da ke bincike kan masu borin jini. Ta ɗebi jinin Tambaya, sannan ta ce tana neman na masu lafiya don ta kwatanta. Kafin ta rufe baki Maccido ya naɗe hannun riga, ya ce a ɗiba a ga jinin maza.

Bayan mako uku suka koma. Likita ta ce a cikin garkuwar jiki akwai wani sinadari da ke tayar da borin jini, kuma na Tambaya ya yi yawa ƙwarai, shi ne ke wahalar da ita tun yarinta. Ba lalaci ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganin da zai sauƙaƙa mata. Daɗi ya kama Tambaya har ta ji kamar ta tashi ta tafi Kebbe a ƙafa ta gaya musu.

Sai likita ta juya wajen Maccido, fara'arta ta ragu.

"Baba, naka kuma kusan babu shi sam. Wannan ba ciwo ba ne a kan kansa, kuma ba ya nufin kana da wani abu. Amma masu bincike sun lura cewa waɗanda nasu ya yi ƙasa haka, an fi samun ciwon daji a cikinsu. Ba a gama gane dalili ba. Shi ya sa nake son in tambaye ka: kana rama? Kana ganin jini in ka zaga?"

"Ni? Lafiyata lau, ɗiyata. Babu komi," in ji Maccido.

Tambaya ta dubi ƙasa. Ita ke wanke tufafinsa, ta san wata bakwai ke nan yana zubar da jini. Ta san mazagin wandonsa ya ƙara tsawo saboda rama. Ta san jarkar maganin basir da ya sayo a kasuwar Tambuwal ya tura ƙarƙashin gado, don a wajensa duk abin da ya fito ta wannan hanya basir ne, kuma namiji ba ya maganarsa. Ita kuwa macen da ko sunan mijinta ba ta taɓa kamawa ba, yaya za ta buɗe baki ta faɗi wannan a gaban sa'ar 'yar cikinsu? Kunya ta riƙe mata harshe, tsoro kuma ya cika mata ciki. Tsoron ne ya yi rinjaye.

"Likita, ba gaskiya Malam yaf faɗi ba. Shina ganin jini, wata bakwai ke nan. Ni ka wankin tufafinai, na sani."

Maccido ya dube ta sau ɗaya, bai sake ba. Likita ta rubuta ranar da zai dawo a leƙa hanjinsa da na'ura. Tun daga Sakkwato har Jabo bai ce mata uffan ba, kuma haka aka yi kwana goma sha tara. Yana cin tuwonta, amma ko sannu babu. Abin ya yi mata ciwo, sai dai ba ta yi nadama ba ko kaɗan.

Ranar komawa ya ɗauki fartanya zai nufi gona kamar bai san da zancen ba. Yana fitowa ya iske mai babur ɗin da zai kai shi tasha a ƙofar gida, Tambaya kuma ta yafa mayafi ta zauna daram a kan dakalin da maza ke zama, mutane na wucewa suna kallo.

"Malam, ba ni shiga gidanga sai ka hau babur ɗin nan. In kwana za ni yi nan, in kwana."

Ya dubi jama'ar da ta fara taruwa, ya dubi matar, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya jingine fartanya ya hau.

Aka leƙa, aka ga tsiro a hanji, bai wuce girman dabino ba. Aka yi aiki aka cire. Da sakamako ya fito, Likita Ni'imatu ta zo har bakin gadonsa ta ce ciwon daji ne, amma an kama shi bai bazu ko'ina ba, sai dai a riƙa zuwa ana dubawa. Da an ƙara shekara ana shan abin jarka, in ji ta, da zancen ya sha bamban.

Washegari da hantsi mutanen Jabo suka cika ɗakin asibitin, dattawa da abokan noma, ana ta barka da arziki. Tambaya tana gefe tana zuba kunu a kofi, har lokacin bai yi mata magana ba. Wani dattijo ya ce lallai wannan likita ta iya aiki, da ta gano abin da ke ɓoye a ciki.

Maccido ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna kusurwar ɗakin.

"Ba likita tag gane ba, waccan ta. An tambaye ni, ni ƙarya niy yi. Ita taf faɗi gaskiya gaban mutane, nib bar yi mata magana. Ku shaida, bayan Allah ita tac ceci raina."

Tambaya ta juya ta fuskanci bango tana dariya tana hawaye, kunu ya cika kofi yana zuba a hannunta ba ta ma sani ba.