Famfon Baba da Yake Ƙin Tashi Ranar Juma'a

Shekarun baya can, lokacin ina jin kaina injiniya saboda na iya gyaran sola a ɗan shagona na Kankia, na yi wa mahaifina wani aiki da har yau nake tuna shi da nadama.

Baba yana da lambu a bayan ƙauyenmu Bauranya, tumatir da albasa yake yi da rani. Ciwon gwiwa ya kama shi, tafiyar da a da ba ya jin ta sai ta koma masa azaba. Na sa masa famfo mai sola, sannan don in nuna gwaninta na haɗa wani ɗan akwati. A ciki akwai ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura, wadda muke kira maikurokontirola, da wani allo mai ɗaukar sim. Ka turo tes mai kalmar KUNNA, ruwa ya tashi. Ka turo KASHE, ya tsaya. Na gwada ya fi sau hamsin a shago, bai ƙi ko sau ɗaya ba. Ranar har tafiyata sai da ta sauya.

Ni ne ɗan fari. Ku da kuka san gidajenmu kun san abin da hakan yake nufi. Baba bai taɓa kama sunana ba, "kai" nake ko "yaron nan". Yabo kuwa sai dai in ji a bakin wasu. Da na nuna masa yadda ake tura saƙon, ya daɗe yana kallon ƙaramar wayarsa, ya ce, "To, madalla." Iyakar abin da na samu ke nan.

Sati biyu lafiya lau, sai akwatin ya fara sandarewa. Fitilarsa a kunne, amma ba ya ji, ba ya gani, sai an cire wuta an mayar. Wa zai cire? Baba. Mutumin da na yi abin don ya huta shi ne yake dogara sanda ya tafi lambu cikin rana. Ranar da ƙafar ta ƙi, tumatir ya wuni ba ruwa.

Na zargi zafi, na yi wa akwatin rumfa. Na zargi batir, na sauya. Na zargi sabis, na ɗaura eriya a kan gora mai tsawo har maƙwabtan lambu suna tambaya ko gidan rediyo zan buɗe. Duk a banza. Abin da ya fi ba ni haushi, in na zo na tura da wayata, nan take ruwa ya tashi kamar yana yi mini dariya. Mahaifiyata ce ta fara lura. Ta ce, "Kai, abin nan naka fa ranar Juma'a ya fi yin gardama. Ko dai a yi masa tofi?" Na yi dariya, na ce Inna, na'ura ba ta san Juma'a ba.

Wata Asabar na iske fangali biyu na tumatir sun kwanta, furen ya zube. Raina ya ɓaci, na dawo gida na sami Baba a zaure. Na ce, "Baba, anya KUNNA kuke rubutawa? Ko kuna danna wani wuri ne? Abin nan fa a hannuna ba ya ƙi." Muryata ta ɗaga fiye da yadda ya kamata, na sani tun a lokacin. Ya dube ni, ya ce, "Shi nike rubutawa." Ya mai da kansa ga carbinsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kai kuka wurin abokina, wanda ya fi ni karatun abin nesa ba kusa ba. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Kai kullum da hannunka kake gwadawa. Ɗauki laftof ka je ka zauna gaban akwatin ranar Juma'a. Ka jona, ka kalli abin da allon sim yake faɗa wa ƙwaƙwalwar. Kada ka gaya wa Baba, bar shi ya turo yadda ya saba."

Haka na yi. Da hantsi ina zaune gindin mangwaro, laftof a cinya. Allon sim da ƙwaƙwalwar ta siririyar waya suke magana, harafi na bin harafi, shi ne muke ce wa siriyal. Can sai haruffa suka fara fitowa:

"Salamu alaikum. Barka da Juma'a. Allah ya yi maka albarka, ya ba"

Daga nan sai wasu tarkacen alamomi, sai tsit. Akwatin ya sandare a gabana.

Na ƙirga, haruffa sittin da huɗu. Nan na gane ɓarnar da na yi. Wurin da na ware wa saƙo a cikin ƙwaƙwalwar, wanda muke kira bafa, iyakar abin da yake ɗauka ke nan, kuma ban rubuta ko layi ɗaya da zai ce "ya cika, tsaya" ba. Kamar ka juye buhu a mudu ne, abin da ya zube ya bi ta kan sauran abin da na'urar take riƙe da shi, ta manta inda take. In Baba ya yi sallama gajeriya, KUNNA ya samu shiga. Ranar Juma'a kuwa gaisuwa takan yi tsawo, kalmar tana can ƙarshe.

Na zare sim ɗin na sa a wayata. Na tsara akwatin ya goge saƙo in ya gama aiki da shi, don haka waɗanda suka rage su ne waɗanda suka sandarar da shi. Guda tara. Na buɗe na ranar: "...ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mani. KUNNA." Wani: "An ce rana ta yi zahi a Kankia, ka riƙa shan ruwa." Na karanta su duka, na zauna na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Da na faɗa wa mahaifiyata, ta ce, "Ayya. Shi ai ya ɗauka ta wajenka saƙon yake bi, kai kake karantawa ka kunna daga can. Ya taɓa ce mini yaron nan bai amsa ko ɗaya ba, aiki ya yi masa yawa."

Abokina ya ce maganin mai sauƙi ne, in ce wa Baba ya riƙa rubuta kalma ɗaya kawai. Na ce Allah ya sawwaƙe. Na faɗaɗa bafa ya koma haruffa ɗari biyu, na sa masa iyaka ta yadda ko ya cika ba zai zube ba, na ƙara ɗan mai gadi da zai tayar da na'urar in ta sake suma. Sannan na sa akwatin ya riƙa turo mini duk saƙon da ya shigo.

Juma'ar da ta biyo, saƙo ya zo, ruwa ya tashi. Na rubuta masa, "Amin, Baba. Na gode. Ku yafe mini." Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Sauran tumatirin ya yi, har aka kai kasuwar Kusada. Rani biyu muka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yanzu duk abin da na haɗa, ba na cewa ya yi sai na ga mai shi ya taɓa shi da hannunsa, yadda ya saba. Kuma ba na ɗaga wa dattijo murya a kan na'urar da ni na haɗa ta.

Famfon yana nan yana aiki, ƙanena ne yake kula da lambun. Ranar Juma'a wayata takan yi ƙara da hantsi, in duba. Haruffa biyar ne kawai, KUNNA. Sauran wurin da na faɗaɗa wa Baba yana nan, ban rage shi ba.