Mista Lem da Ƙwallayen Wanda Ya Tafi

Ƙarfe biyar da rabi na safe Mista Lemuel Pruitt yake buɗe ɗakin kaya da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, a filin kwalejinmu ta Marlow Ferry, inda ake buga ƙwallo irin na Amurka da ake jefawa da hannu. Injin wanki yake fara kunnawa kafin fitila, wai injin ya fi shi nawar aiki. Sai ya bi hulunan kwano ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure abin da ya kwance, ya rataye riguna saba'in kowacce a ƙusarta, ya ɗora ruwan kofi. In ya gama, sai ya kife bokiti ya zauna, ya ɗauko ƙwallo. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin yatsunsa sun daina lanƙwasuwa da sanyin safiya.

Sabon ƙwallo ba ya jefuwa. Da santsi yake zuwa kamar jiƙaƙƙen sabulu. Sai an wanke shi da ruwan ɗumi, an dirje da buroshi, an shafe shi da lakar da Mista Lem ke ɗebowa da kansa a wani lungun bakin kogi, a bar fatar ta sha, a sake dirzawa. Kwana biyar ake yi a kan guda. Kowace ƙungiya da ƙwallayenta take kai hari, don haka abin da ya fito daga hannun Mista Lem shi ke shiga hannun mai jifa, wato ɗan wasan da ke jefa wa sauran ƙwallo, ranar Asabar da ake wasa, kuma mai jifa shi ne wasan. Kowane mai jifa da irin fatar da hannunsa ke so. Ni sarƙar awon tazarar da ƙwallo ya ci nake riƙewa a gefen fili tun ina da baƙin gashi, na ga hannuwa iri-iri daga kusa.

Shekara huɗu mai jifanmu Royce Tillery ne, mai tafin hannu kamar faranti. Ƙwallo yake so a cika shi da iska har iyakar da doka ta yarda, a goge shi ya yi baƙi sumul. Mista Lem bai haihu ba, matarsa Odessa ta rasu da daɗewa, sai ya zama kowace Lahadi bayan coci Royce yana gidansa suna cin soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Da ya gama karatu ya tafi aikin man fetur can arewa mai nisa. Ya kira sau biyu, daga nan shiru.

Wanda ya gaje shi Cordell Whitlow ne, siriri, marar magana, kakarsa ce ta rene shi. Wasa biyar na farko, ɗaya muka ci. Sau tara ƙwallonsa ya faɗa hannun abokan hamayya. Yana barin hannunsa sai ya riƙa tangaɗi a sama kamar mashayi. A shagon abincin Mis Earline ba a wata hira sai tasa.

Mai aski ya ce, "Wannan yaron ko kogi ya jefa wa dutse sai ya kuskure."

Earline ta ce, "Ka ci abincinka, Buford. Kai da ko ƙeya ba ka iya daidaitawa."

"Ƙeya tawa ce ta ɓaci? Gari guda fa yaron nan yake sa wa hawan jini!"

Kowa ya san Koci Haskell ya yanke shawara: ranar Laraba zai sanar cewa Cordell ya koma benci. A ƙaramar makaranta irin tamu, mai jifan da aka sauke a tsakiyar kakar wasa da wuya ya sake tashi.

Ranar Talata da hantsi Mista Lem ya fito shanya tawul, sai ya hango Cordell shi kaɗai yana jifa ta cikin tsohuwar tayar da aka rataye a bayan fili. Kowane jifa yana tafiya sak, yana juyawa kamar mazari, yana ratsa tsakiyar taya. Cordell da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya biyo baya.

Mista Lem ya ce, "Zo nan, ɗana. Ina ka samo wannan gawar ƙwallon?"

"A kwandon shara, yallaɓai. Wanda ka zubar ne."

"Me ya sa ba ka ɗauki na jaka ba?"

"Wannan yana zama a hannuna."

"Nawa fa?"

"Naka suna da kyau, yallaɓai."

"Ba kyau na tambaye ka ba. Buɗe hannunka."

Ya ɗora tafinsa a kan na Cordell. Yatsun yaron ko gaɓar ƙarshe ta nasa ba su kai ba. Tsohon ƙwallon kuwa ya yi laushi, fatarsa ta yi kaushi, ɗinkinsa ya taso. Mista Lem ya daɗe yana jujjuya shi.

"Wata biyu kana jefa ƙwallon wani, ba ka ce uffan ba?"

"Mai jifa ba ya ɗora laifi a kan ƙwallo. Kuma in kakata ta ji na kushe aikin Mista Lem, gara in kwana a fili."

Gaskiya ya faɗa, haka muke a nan. Mai jifan da ya ce ƙwallo ne, an gama da shi a bakin mutane. Shi kuma mai kaya, al'ada ta ce bakinsa ya tsaya a kan wanki da huluna, ba ya tsoma shi a zancen wa zai buga.

A nan ne abin da ke hana ni sukuni yake. Mista Lem yana iya komawa ɗakinsa ya gyara ƙwallaye shiru, ba wanda zai taɓa sani, sunansa na shekara talatin da huɗu ya zauna lafiya. Amma gyara kwana biyar yake ci, benci kuwa gobe ne.

Ranar Laraba ina wurin. 'Yan wasa sun durƙusa a gwiwa ɗaya sun kewaye Koci, ya buɗe baki ke nan, sai ga Mista Lem ya keto da'irar da atamfar aikinsa duk laka.

Koci ya ce, "Lem, wanki ya ƙone ne?"

"A'a, Koci. Magana gare ni, kuma a gabansu nake son yin ta. Ƙwallayen da nake ba yaron nan na Royce ne. Royce ya tafi, hannuna bai ji labari ba. Ban taɓa auna tafin Cordell ba, ban tambaye shi ba. Waɗannan tara da aka cafe, ku rubuta su a sunana."

"Yanzu kai za ka zaɓa mini mai jifa?"

"Ban isa ba. Asabar ɗaya nake roƙo. In ya faɗi da ƙwallon da na gyara masa, ka zaunar da shi, ni ma in kawo maka makullai."

Wani ƙato daga cikin masu kare mai jifa ya nuna abokin wasansu da ake kira Tiny, ya ce, "Koci, in Mista Lem ya tafi, wa zai taɓa safar Tiny?" Aka fashe da dariya, har Koci ya juya baya don kada a ga haƙoransa. Da ya juyo sai ya ce, "Asabar ɗaya."

Aikin kwana biyar Mista Lem ya yi a uku, Cordell yana zaune gefensa yana gwada kowane ƙwallo, yana koyon cewa "wannan bai yi ba" a gaban babba. Iskar ya rage zuwa mafi ƙarancin abin da doka ta yarda, ba ƙasa da haka ba, ya tayar da kaushin fatar maimakon ya kwantar da shi.

Asabar ɗin muka ci da tazarar maki huɗu. Ba wani abin mamaki Cordell ya yi ba, ƙwallo dai ya riƙa zuwa inda ya aike shi. Amma daga nan komai ya sake. Masu cafewa namu suka daina waiwaye da tsoro, suka riƙa gudu har ƙarshen layinsu. Abokan hamayya suka ja da baya don tsare jifa, sai hanya ta buɗe wa masu gudu da ƙwallo. 'Yan wasanmu masu tare hari, da a da suke yini a fili har ƙafa ta mutu, suka sami lokacin shan ruwa. Cikin wasa shida da suka rage mun ci biyar, sau biyu kacal abokan hamayya suka cafe jifan Cordell. Jarida ta ce basirar Koci ce. Buford mai aski ya ce shi dama tun farko ya ga alama a yaron.

Kai ne, Mista Lem, wanda ba a buga hotonsa ba. Kai ne ka tsaya gaban yara saba'in ka faɗi abin da dattijo ya fi jin nauyin faɗa, cewa kewar wani ta rufe maka ido daga wanda ke gabanka. Na san har yau in waya ta yi ƙara ranar Lahadi kakan tashi da sauri fiye da yadda gwiwarka ke so. Ban ga laifinka ba. Dukanmu muna da wanda muke ci gaba da dafa wa abinci bayan ya tashi daga gidan.

Sai dai na daɗe ina juya wani abu. Na ga jifa taran nan da idona, kuma aƙalla huɗu ba ruwan fata a ciki, yaron ne ya firgita ya jefa inda bai kamata ba. To wanda ya ɗauki laifin da ba nasa duka ba, gaskiya ya faɗa ko ƙarya? Makon jiya na kasa daurewa, na same shi yana naɗe tawul na tambaye shi.

Ya ce, "Kai dai ba ka gajiya da tono."

"Amsa nake so, Lem."

"Rabin laifin nawa ne, wannan ko a gaban Ubangiji. Ɗaya rabin na duba na ga ya fi ƙarfin wuyan yaron a wannan makon. Ni kuwa ɗaukar kayan mutane ne aikina." Ya ajiye tawul ɗin. "Bayan wasan ƙarshe Cordell ya zo da ƙafarsa ya karɓi abinsa. Ya lissafa mini jifan ɗaya bayan ɗaya, ya ce waɗannan nasa ne. Biyar ya ƙirga, ba huɗu ba."

Cordell ne zai ja ƙungiya baɗi, Koci ya riga ya faɗa. Wani ne zai gyara masa ƙwallo, kuma yanzu yana da bakin da zai ce yadda yake so.

Mun gode, Mista Lem. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka ciwon yatsu, ya sa hutun ya yi maka daɗi. Mu kuma da muka rage, iyaye da malamai da masu gida, in muka ga na ƙasa da mu yana ta faɗuwa bai ce komai ba, kafin mu zaunar da shi, mu fara duba abin da muka sa masa a hannu.