Sajan a Ƙofar Tsigi

Yayata ba ta taɓa shiga soja ba, amma kowa Sajan yake ce mata, har mijinta. Aikinta tsaron ƙofar wata masana'antar sabulu, kuma ko manaja ne sai ya buɗe mata bayan motarsa. Ni da nake bi mata na sha ranƙwashi a hannunta tun muna yara, don haka ban cika zama kusa da ita ba.

'Yata, wadda muke kira Tsigi saboda ƙanƙantarta, tana shekara huɗu aka gano tana da sankarar jini. Likita ta ce irin da ba kasafai ake ganinta a yara ba ce, kuma ba ta jin magani shi kaɗai. Aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya har gashinta ya zube, sannan aka yi mata dashen ɓargo daga jikin wanta. Dashen ya kama. Ranar sallama likita ta zaunar da mu ta ce, “Garkuwar jikinta ba ta dawo ba tukuna. Murar da ku za ku share da hankici, ita tana iya tafiya da ita.”

To, mu kuma dangi ne kamar ƙasa, kuma kowa yana ganin in bai zo ya dafa kan yarinya ba, bai yi zumunci ba. Ni ba na iya ce wa babba koma. Matata ta fi ni kunya. Sajan ta dube mu ta ce, “Ku biyun nan za ku kashe ta da ladabi.” Washegari ta ɗauki hutu, ta kawo kujerarta ta roba ta dasa a bakin ƙofarmu, da bokitin ruwa da sabulu.

Dabararta daga wurin aiki ta zo da ita. Ta ce wanda ya cusa kayan sata a cikin riga ba ya iya sakin jiki ya yi dariya, mai ɓoye tari ma haka. Saboda haka ba ta tambayar kowa lafiyarsa, don ta san “lafiya lau” za a ce. Sai ta tsayar da mutum nesa ta hau ba shi labari, yawanci a kaina, yadda na suma ranar da aka ɗebi jinina. Da ya ƙyalƙyale, in akwai tari sai ya fito. Wallahi na zama abin dariyar unguwa, na kuma haƙura.

Da haka ta kama Inna, mahaifiyarmu. Tsohuwa ta zo da alewar tari a kumatu, ta daure, ta daure, har aka kai wurin da ma'aikaciyar jinya take yi mini fifita da fayil. Ta fashe da dariya, tari ya biyo baya.

“Inna, a leƙa ta ta taga,” in ji Sajan.

“Ni za ki hana ganin jikata? Ni da na haife ki?”

“Ke kika haife ni, Inna. Amma yau ba za ki shiga ba.”

Inna ta juya ko tagar ba ta duba ba. Wata da watanni ba ta amsa gaisuwar Sajan. Na taɓa tarar da yayata a kan kujerar nan tana share hawaye da bakin mayafi, ta daka mini tsawa wai me nake kallo. Tausayinta ya kama ni, karo na farko a rayuwata. Hutunta ya ƙare, ta ajiye aikin gaba ɗaya.

Gwaji bayan gwaji, ɓargon Tsigi yana fitowa tas. Gashi ya tsiro, kumatu suka ciko. Daga baya likita ta ce a buɗe ƙofa, a sa ta makaranta. Inna ta zo ta rungume jikarta, ta harari Sajan, sannan ta miƙa mata jakarta ta riƙe, wanda a wurin Inna shi ne sulhu.

Ba a daɗe ba Tsigi ta dawo daga makaranta tana jan hanci. Hankalinmu ya tashi. Sajan ta saɓe ta a kafaɗa, ko takalmi ba ta tsaya nema ba, sai asibiti. Likita ta duba maƙogwaro, ta sa aka ɗebi jini, muka zauna a benci muna jira. Da ta fito da sakamakon, murmushi take yi.

“Mura ce,” ta ce. “Irin ta kowa. Ku kai ta gida, jikinta zai yi maganinta da kansa.”

Sajan ta ce a maimaita mata. Aka maimaita. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, a tsakiyar mutane, ta yi kuka da ƙarfi kamar yarinya, Tsigi na tsaye a kanta tana atishawa.