Dawar Malam Usaini

A ƙauyensu, can bayan Barkiya a ƙasar Kurfi, ba a san Malam Usaini da komai ba sai dawa. Mutum ne marar yawan magana, daga gona sai masallaci. Wata jar dawa yake shukawa mai tsawon kara, wadda ya gada wurin mahaifinsa, idan ta tsaya ko mai raƙumi ya shiga ciki ba a ganinsa. Matan garin sun san tuwonta, yakan kwana bai saki ba. Duk kaka shi da kansa yake zaɓar zangarniyoyin da suka fi cika, ya rataye su a madafin matarsa Larai, hayaƙi yana bugunsu har damina ta zagayo. Wannan shi ne irin shuka, ko kaza ba a yarda ta kusance shi ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo, ta cikin gonarsa suka biyo. Da la'asar ne, dawa ta rufe, babu wanda ya hango su sai da suka iso bakin rijiya. Cikin waɗanda aka rasa ranar har da Munzali, ɗansa na fari, Allah Ya jiƙansu. Malam bai taɓa kiran sunan yaron ba saboda kunyar ɗan fari, bayan rasuwar ma "yaron nan" yake cewa.

Da aka share makoki mai unguwa ya tara mutane tare da 'yan sa-kai masu gadin gari. Aka yanke cewa daga yanzu babu mai shuka dawa ko gero kusa da gari, sai wake da gyaɗa da abin da bai wuce gwiwa ba, don a riƙa hango mai zuwa. Gonakin nesa kuwa dama an bar wa daji. Babu wanda ya kalli Malam a taron, shi ma bai ɗaga kai ba.

Ya shuka wake kamar kowa. Damina ta wuce, wata ta bi bayanta, zangarniyoyin suna nan rataye sun yi baƙi. Iri kuma ba ya jiran mutum, in ya daɗe ba a kai shi ƙasa ba mutuwa yake yi. Wata safiya Larai ta same shi ya murza 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ƙwari sun huda rabinsu.

"Malam, ko dai in daka mu sha kunu? Gara cikinmu da cikin ƙwari."

"Ki bar shi."

"To ka kai wa 'yarmu Hafiza a Dutsin-Ma mana."

"Gidan hayar da siminti ya shafe? A ina za ta shuka, a kan gado?"

Ruwan shuka na sauka, ya ɗauki sungumi ya sassara tsakar gidansa, daga bakin turken akuya zuwa gindin katanga. Ya zuba irin. Da yawa bai fito ba. Wanda ya fito kuwa ya samu takin akuya da ruwan wanke-wanke, ya miƙe kamar an aike shi. Kafin a ankara ya leƙo ta saman katanga.

Sai ga Jibril, shugaban 'yan sa-kai, abokin Munzali ne tun suna yara. Ya yi sallama, ya jingine bindigarsa ta gargajiya a zaure, ya durƙusa. Idanunsa ja wur don rashin barci.

"Baba, ana ta magana a gari. Dawarka ta fito."

Larai ta riga mijinta. "Jibril, a cikin gidan nan wa zai ɓuya? Ni ko akuya?"

"Inna, na sani. Amma maƙwabcinku Ilu ya gani, ya ce shi ma zai yi a bayan gidansa. Gobe wani ya ce gonarsa ai kusan gida ce. Wallahi na gaji da ɗaukar gawa."

Malam ya juya wajen shukar. Yana kallon ganyen, dawa ta riga ta yi ciki.

"Abin da aka hana, a hango ta daga waje ne?"

"Shi ne, Baba."

"To je ka huta. Ba za a ƙara ganinta ba."

Larai ta zaci lauje zai ɗauko. Sai ta ga ya fito da igiyar rama da turaku. Ya bi karan ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa a hankali, yana ɗaurewa ƙasa da katanga. Wasu suka karye a hannunsa, ya yi salati ya jefa wa akuya. Kullum da safe sai ya sake ɗauri, don dawa ba ta daina neman sama. Bayansa ya riƙe, tsakar gida ta zama sai an sunkuya ake wucewa, Larai tana mita tana tayawa.

Da kaka ta yi, abin da ya samu bai cika faifai ba. Zangarniyoyin ƙanana ne, a karkace, amma ƙwayar ja ce, ita ce dai. Ya sauke tsofaffin daga madafi ya miƙa wa Larai.

"Ga kununki."

Ya rataye sababbin a wurin.

"Baɗi ma haka za mu yi?" in ji ta.

"In muna nan, in Allah Ya so."

Ya zauna bakin ƙofa yana matsa ƙugunsa, ita kuma ta hura wuta, hayaƙi ya tashi.