Ashe Legas Kusa Ce

Muna isa gida a Gwaram muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ni da Yaya Sani ne, na ɗauko shi daga tashar Birnin Kudu.

Da safe ya kira Inna ya ce ya taso daga Legas. Ita a saninta, duk wanda ya taso daga Legas sai ya kwana a mota. Sai ta ce tuwon baƙo sai gobe, ta tafi barkar haihuwa abinta.

Bayan la'asar ta dawo, ta same mu zaune a dakali.

"Sani? Kai da ka taso ɗazu?"

"Jirgi na biyo, Inna. Daga Legas zuwa Kano ko daɗewar da na yi a mota daga Kano zuwa nan ban yi ba."

Ta buɗe ƙofa, ta kawo masa ruwa. Sai da ya sha ta ce, "Ashe kusa ne. Kuma kowace Sallah kana ce min nisa ne ya hana ka zuwa."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa wallahi ban tare masa ba.

Ku da ke zaune can nesa, me kuke ce wa naku iyayen?