Siket Mai Shafin Zanen Zumunta

Ko zan manta komai na karatun lauya da na yi, ban da hutuna na farko a Kafanchan, farkon shekarun casa'in, lokacin da saura kaɗan launin tufafi ya raba ni da jami'a.

A sashenmu doka ce, ɗalibi ba ya shiga aji sai da farar riga da baƙin siket ko wando. Ni kuwa don iyayi, da kayan na sauka daga jirgin ƙasa, har da baƙin ɗankwali, ina tafe ina ƙwas-ƙwas. Mama na hango ni ta saki tiren citta ta ɗora hannu a ka. A wurinmu ba a sa baƙi sai an yi rashi, ga Baba kwance da hawan jini tun da ya bar aikin reluwe.

Ta kwashe kayan ta kulle a akwati, ta ce karatun nan ya ƙare.

"Babanki na numfashi kina masa makoki? Ki koma karatun koyarwa, malamai ba sa kiran mutuwa."

Na zazzage mata duk 'yar dokar da na haddace, har da Latin. Ta ce in gama, tuwo na hucewa. Fasto ya zo ya yi bayani, ta ba shi kunu ta raka shi bakin ƙofa. Baba kansa ya ce a ƙyale ni, ta ce mara lafiya ba shi da ƙuri'a. Da hutu ya kusa ƙarewa, na fara kuka a bayan ɗaki, don na san halin uwata.

Maƙwabciyarmu ce ta cece ni, wata tela 'yar Ibo da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, wadda ta taɓa sa baƙi shekara guda saboda rasuwar mijinta. Ba ta yi gardama da Mama ba. Tambayata kawai ta yi ko malaman namu suna juya siket su duba cikinsa. Na ce a'a. Sai ta karɓi tsohon zanen Mama na Zumuntar Matan coci, mai launi kamar ranar biki, ta yi wa kowane siket shafi da shi.

Mama ta juya siket ɗin ta daɗe tana shafawa, idonta ya cika.

"To. In mutuwa ta leƙo, za ta ga ba ita ake jira ba."

Haka na gama jami'a, waje lauya, ciki 'yar Zumunta, zafi kuwa kamar in narke. Baba ya miƙe, da ƙafarsa ya je ranar da aka rantsar da mu. Har ta rasu Mama na cewa shafin nan ne ya tashe shi, ni kuma duk lauyancina ban taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Tun daga nan na gane wanda ƙauna ta sa shi tsoro ba a kayar da shi da hujja. Sai dai ka nema wa tsoron nasa wurin zama.