Mutumin da Ke Rufe Baya

A gidan wankan mata na fara jin maganar, daga bakin matar Idir, shugaban 'yan jagoran garinmu: wai Dda Bassu, da ya tsufa yana kai baƙi tsauni, bai taɓa taka ƙololuwar Adrar ba. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, ba na sayen magana a buhu sai na kwance bakinsa. Amma gaskiya daɗi na ji. Sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki kafin a tura ni karatu Marrakesh, ga shi yau daga ƙasashe ake zuwa gaishe shi, ni kuwa ɗalibaina sai a kasuwa suke tuna sunana.

Maganar ba ta wasa ba ce. Bana Bassu zai ajiye sanda, kuma al'adar 'yan jagora ita ce wanda ya ajiye a ba shi rumfar shayin bakin tafki, ya ci abinci da ita har ƙarshen rayuwarsa. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama ya taka ƙololuwa. Idir kuwa yana da kawu mai jiran rumfar.

Kullum bayan asuba Bassu yakan ɗaura wa alfadararsa kaya, gurasa da man zaitun da butar shayi, ya tsaya inda hanya ta rabu da tafki. Samari masu igiya da tabarau su wuce gaba da baƙi, su ake ɗauka hoto. Shi sai kowa ya wuce yake ɗaga ƙafa. Mai rufe baya ke nan, aikin da ba wanda ke so, domin rabonsa shi ne wanda ya gaji, da mai amai, da mai kuka.

Na fara da Lahsan mai kwale-kwale, wanda ya yi jagora kafin gwiwa ta ci amanarsa.

"Ka taɓa ganinsa a sama?"

"Ustaza, wa ke waiwaye a sama? Amma na ga ya goyo wani ƙaton Bajamushe tun daga mashigar tsauni har tafki. Mutumin na ta kukan ya kunyata, Bassu na ta ba shi labarin surukarsa, ba mai jin yaren wani."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ke ma dai! Har yanzu jarrabawa kike ba mutane?"

Shaida ta biyu a ɗakina take. 'Yata Tilila ta taɓa hawa tana budurwa, jiri ya kayar da ita a hanya, Bassu ya sauko da ita. A saukowar nan ta gaya masa za ta bar karatun likita, ni sai bayan wata guda na ji. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Inna, ke gaba kike tafiya. Shi yana jiran mutum." Na haɗiye maganar, har yau tana maƙogwarona.

Kai ne wannan, Bassu. Kai ne bangon da mai jiri ke dafawa. Ni na haifa, na raina, na biya makaranta, kai kuma da kofin shayi ɗaya ka karɓi sirrin da aka hana ni. Ina jin haushinka, kuma da 'yata za ta sake faɗuwa, kai zan roƙa ka tsaya a bayanta.

Na same shi yana gyara wa alfadara kofato, na tambaye shi kai tsaye.

"Lalla Rƙiya, kin zo binciken ne ke ma? Kullum niyyata in kai. To, ba a taɓa fita ba a samu wanda ya kasa ba."

"Ka ce ka hau mana, wa zai ƙaryata ka?"

"Wannan," ya nuna alfadarar. "Tare muke."

"To wauta ta ƙare. Jibi za ka hau, ni ce baƙuwarka, ni ce shaida. Ba wani rago da zai mayar da kai."

Ya dubi gwiwoyina.

Mun fita da sassafe, ina kan alfadara har inda dabba ke tsayawa, daga nan sai ƙafa. Tafkin ya koma kamar faranti a ƙasa. Muka wuce mashiga, har ina hango tulin duwatsun da ke ƙololuwa, sai ƙirjina ya ƙi karɓar iska. Na zauna, ƙasa tana juyawa.

"Wuce," na ce. "Ga shi can, kamar daga gidana zuwa masallaci. Ka je ka taɓa, zan gani daga nan."

"Leɓenki ya yi shuɗi, Ustaza."

"Bassu, rumfarka ce! Kai jaki ne?"

"Alfadari dai. Kawo hannu."

Na zage shi da yarenmu, na ƙara da Larabci da Faransanci. Ya yafa mini jallabiyarsa, ya sauko da ni taki ɗaya bayan ɗaya, yana tuna mini akuyar da ta taɓa cinye mini littafi.

Na gode, Dda Bassu, da ni da duk wanda ka mayar wa uwarsa da ƙafafunsa. Ku kuma samari masu rige-rigen gaba, wani a cikinku ya koyi tsayawa a baya, domin daga bana wurin ba kowa.

Ranar Juma'a 'yan jagora suka zauna, suka kira ni shaida, na faɗi abin da na gani. Dda Bassu bai taɓa taka ƙololuwar Adrar ba. An ba kawun Idir rumfar.